Kashin Yawo: Baƙon da Ke Ƙwace Wa Awakinmu Fili

Daga 'yan aji biyu na Ƙungiyar 'Yan Jarida

 Darasinmu na wannan mako a kan wata ciyawa ce da kowa ya sani, musamman masu buga ƙwallo ba takalmi a filin bayan azuzuwa. Ita ce kashin yawo. Muna roƙon a karanta har ƙarshe, domin akwai aikin da muke so a yi kafin a ba da dogon hutu.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne akuyar kakar wata 'yar ajinmu. Akuyar tana cikin dabbobin unguwa da ke shigowa kiwo filin nan da yamma. A kakar bara ta koma gida tana ɗingishi, kwana uku ba ta taka ƙafar gaba. Da aka kama ta aka duba, sai aka tarar da ƙaya ta shige tsakanin kofatonta har wurin ya yi mugunya. Ta warke, amma ta rame, nono ya ragu, ɗaya daga cikin 'ya'yanta biyu bai yi rai ba. Tsohuwar nan da kuɗin 'yan awakin take saya wa jikarta littattafai. Da muka ba malaminmu na Aikin Gona labari, sai ya ce mu je filin mu dubo abin da ke tsirowa a ciki, mu kawo masa a aji.

Yadda za a gane shi

Yawancinmu duk abin da ya soke mu a ƙafa ƙarangiya muke ce masa, alhali iri uku muka samo. Ƙarangiya ciyawa ce mai siririn ganye kamar na gero, 'yar ƙasar nan ce, kuma dabbobi suna cinta sosai tun tana ɗanya, kafin ta yi ƙaya. Tsidau shimfiɗe yake a ƙasa, yana da ƙananan ganye da fure ruwan ɗorawa. Shi kuwa kashin yawo a tsaye yake, yakan kai gwiwar babban mutum ko ya wuce. Karansa da ganyensa duk gashi ne, kuma reshensa yana rabuwa biyu-biyu kamar gwafar danƙo. A daidai inda reshen ya rabu ne ɗan furen yake fitowa, ƙarami ƙwarai, sai an sunkuya ake ganinsa. Idan ya nuna sai ya zama kamar tauraro, 'ya'ya biyar zuwa goma a jere. Kowane ɗa jikinsa cike yake da ƙananan ƙugiyoyi, ga dogayen ƙayoyi biyu a ka kamar ƙaho. Da ƙugiyoyin yake maƙale wa gashin dabba da wando da safa, ƙahonin kuma su ne suke huda kofato da tafin ƙafa.

Sunansa na kimiyya Acanthospermum hispidum. Malam ya ce mu haddace, mu dai har yanzu muna fama. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne danginsu ɗaya da latas da shuwaka. Kuma ba ɗan asalin ƙasar Hausa ba ne. Daga Kudancin Amurka ya fito, ya bazu a Afirka da Indiya da Ostareliya. Wanda ya raɗa masa suna da yawo bai yi kuskure ba.

Me ya sa yake cinye fili?

Nan ne ainihin darasin, kuma nan ne muka fi daɗewa muna gardama a aji. Wasunmu sun ce ai ƙarfi ya fi sauran ciyayi. Malam ya ce mu sake tunani: idan an saki akuya a filin, me take ci, me take bari?

Akuya da tunkiya suna zaɓen abinci kamar yadda muke tsince nama a cikin miya. Suna bin burburwa da gadagi da ɗanyar ƙarangiya su cinye, su tsallake kashin yawo. Idan dabbobin sun yi yawa a ƙaramin wuri, ciyawar kirki ba ta samun damar yin iri, tana tofowa ana gwaiguye ta. Kashin yawo kuwa ba mai taɓa shi, sai ya girma a natse ya zubar da 'ya'yansa duka. Ga shi kuma yana son wurin da aka tattake ƙasa ta zama tsirara, inda ba inuwar wata ciyawa da za ta danne shi yana ƙarami. Da damina ta zagayo, irinsa ne ya fi yawa a ƙasa. Ashe dabbobin da kansu suke yi masa noma ba su sani ba, sannan su ɗauke shi a gashinsu su kai masa iri wani wurin.

Mun yi lissafi a allo. A ce tushe ɗaya yana da taurari 50, kowane tauraro da 'ya'ya 7. Iri 350 ke nan. A ce ɗaya cikin goma ne kawai ya tsira ya girma, an sami tushe 35 baɗi. Baɗin baɗaɗa kuma 35 sau 35, wato 1,225. Daga tushe ɗaya fa! Kuma ba duk irin ne yake tsirowa a shekara ɗaya ba, wani yakan kwanta a ƙasa sai wata daminar. Shi ya sa nome shi sau ɗaya ba ya isa.

Idan yunwa ta matsa wa dabba har ta ci shi da yawa, nan ma akwai matsala. Wani bincike da aka buga a 1978, wanda aka yi a ƙasar Sudan, ya nuna cewa awakin da aka ciyar da shi hantarsu ta lalace.

Wani zai ce mene ne abin damuwa a kan ɗan filin makaranta? To a tuna cewa fili ya yi mana ƙaranci a Dala. A da ba haka abin yake ba. Baturen nan Kilafaton da ya zo Kano a 1824 ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar da ganuwa ta kewaye ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Yau idan ka hau Dutsen Dala ka duba ta wajen Gwammaja ko Ƙofar Ruwa ko Goron Dutse, rufin kwano za ka gani har iyakar ganinka. Abin da ya rage wa dabbobin unguwa shi ne filayen makarantu da gefen hanya da 'yan kangaye. In kashin yawo ya cinye waɗannan, sai dai a dogara da harawa da dusa na saye, kuma kowa ya san yadda farashin harawa yake tashi da bazara da gab da Babbar Sallah.

Ba mu kaɗai ba ne

A ƙasashen Turawa akwai wata ƙaya 'yar dangin kashin yawo mai fure ruwan hoda, suna ce mata tisil. Mutanen Sukotlan sun ɗauke ta alamar ƙasarsu, amma makiyaya ba sa ƙaunarta ko kaɗan. A Birtaniya akwai doka ta 1959 da ta lissafa miyagun ciyayi biyar, biyu daga ciki tisil ne, kuma hukuma tana iya tilasta wa mai gona ya hana su yaɗuwa zuwa ta maƙwabcinsa. A Kanada a 1968, da Amurka a 1969, an shigo da wani ɗan ƙwaro daga Turai wanda tsutsarsa take cinye irin tisil tun yana cikin fure. Ya rage ta, amma daga baya sai aka tarar ya koma yana cin ƙayoyin da asalinsu na can ne, waɗanda ba su yi wa kowa laifi ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na maƙwabtanmu na Nijar. A jihohin Maraɗi da Dosso wata ciyawa da suke kira garmani ta mamaye makiyaya da burtaloli da yawa, ita ma saboda dabbobi ba su damu da ita ba. Abin da mutanen ƙauyuka suke yi shi ne su fito gayya su tuge ta kafin ta yi iri, sannan su watsa irin ciyawar da dabbobi ke so, kamar kyasuwa da burburwa, su tsare wurin har ta kama. Wannan dabarar ce muke so mu ara.

Akwai kuma kwarko, wanda wasu ke kira ka-ƙi-ruwan-Allah. Shi ne ya fi kama da tisil a ido: ganye mai ƙaya mai farin zane, fure ruwan ɗorawa mai kyau, in an karya shi ruwa mai launin ƙwai ya fito. Daga Meziko ya zo, kuma da rani aka fi ganinsa a bakin kududdufi da fadama. Muna gargaɗin ƙannenmu 'yan aji ɗaya kada su yi wasa da baƙaƙen 'ya'yansa, guba ne. A birnin Delhi na Indiya a 1998 mansa ya gauraya da man girki, mutane fiye da 60 suka mutu.

Kuskuren da muka yi bara

Dole mu faɗi laifinmu. Bara bayan an dawo hutu, da ƙayar ta ishe mu, sai muka fito da adduna muka sassare ta, muka tara da manjagara muka zuba a bola. Mun ji daɗi muna cewa mun yi aiki. Ashe a lokacin 'ya'yan sun riga sun nuna. Duk saran da muka kai kakkaɓe su muke yi a ƙasa, janyewar da muka yi da manjagara kuma shuka ce. Bana inda muka bi da tarin nan ya fi ko'ina tsiro, har ana iya ganin layinsa daga bakin famfo zuwa katanga.

Zuba shi a bola ma wani kuskuren ne da ba mu lura da shi ba sai da Baba mai gadi ya nuna mana. Ya ce, “'Ya'yana, kun san inda bolar nan take zuwa?” Tun zamanin kakanni manoman karkarar Kano suke kwasar takin birni su kai gonakinsu da rani, da a kan jakuna, yanzu a motoci. Duk irin da muka zuba a juji, wata gonar gero ko gyaɗa muka aika wa.

Yadda ya kamata a yi

Kashin yawo ɗan shekara ɗaya ne. Ba ya tofowa daga tsohuwar saiwa, da iri kawai yake dawowa. Saboda haka duk yaƙin a kan abu ɗaya yake: kada a bari ya yi 'ya'ya. Lokacin da ya dace shi ne yanzu, da ruwa ya zauna, ƙasa ta yi laushi, shi kuma bai wuce tsawon tafin hannu ba. A wannan lokacin ba shi da ƙaya, ɗan aji ɗaya ma zai iya tuge shi da yatsu biyu har saiwa. Wanda aka tuge kafin ya yi fure ana iya barinsa nan ya bushe ya zama taki. Sara da adda ba ya wadatarwa, domin in an bar gindin yakan fitar da sababbin rassa a ƙasa-ƙasa su yi 'ya'ya.

Wanda ya riga ya yi tauraro kuma a kama shi a hankali da safar hannu ko tsohuwar leda, a sa a buhu nan take, kada a ja shi a ƙasa. In ya bushe a ƙone shi a rami, babban mutum yana tsaye.

Bayan tugewa kada a bar wurin tsirara, in ba haka ba irin da ke kwance a ƙasa ne zai sake fitowa. A watsa irin ciyawar kirki, a hana dabbobi shiga ɓangaren na 'yan makonni. Mun san wannan ne mai wuya, domin akuya ba ta jin Hausa, masu awakin ma sai an lallashe su.

Wasu sun tambayi Malam me zai hana a yi feshi a huta. Ya ce akwai maganin da ake kira 2,4-D da ke kashe ciyayi masu faɗin ganye ya bar masu siririn ganye. Zai kashe kashin yawo yana ƙarami, amma zai haɗa da gadagi, wanda yana cikin abin da muke son ya dawo. Akwai kuma mai ƙone komai gaba ɗaya, shi kuwa fili tsirara zai bar mana. Ga dabbobin mutane suna shigowa, ga yara suna wasa a wurin. A ganinmu filin da ɗalibai za su iya gamawa da hannu a safiya ɗaya bai kai a kawo masa guba ba. Feshi dai ba aikin yara ba ne ko a gida.

Masu dabbobi a gida su ma akwai nasu. Idan awaki sun dawo da yamma a duba wutsiya da ciki da tsakanin kofato, a cire ƙayar a jefa a murhu. A duba damin ciyawar da aka sayo kafin a zuba musu, domin ta nan ma yake shigowa gidaje.

Za a ba da hutu a ƙarshen watan nan na Yuli, ba za mu dawo ba sai Satumba, kuma a tsakanin nan ne zai yi fure ya zubar da iri ba kowa a makaranta. Saboda haka shugaban makaranta ya amince mana mu fito gayya ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe bakwai da rabi na safe. Kowa ya zo da rufaffen takalmi da tsohon buhu, mai fartanya ya taho da ita, adda kuwa a bar ta a gida. 'Yan aji uku za su ɗauki gefen katanga inda ya fi girma, 'yan aji biyu tsakiyar fili, 'yan aji ɗaya bakin famfo. Baba mai gadi ya yi alkawarin tsare kusurwar gabas daga awaki har mu dawo. Abin da ba mu samu ba har yanzu shi ne irin da za mu watsa. Duk wanda ke da 'yan'uwa a ƙauye da za su iya aiko mana da irin kyasuwa ko burburwa, ko da cikin gwangwanin madara ne, ya kai wa malamin Aikin Gona kafin ranar Juma'a.