Wane Kamfani ne Ya Gina City Centre na Deira?

Wannan tambaya ta fito ne daga Hajiya Binta, wata mai saro kaya daga Kano. Tana cewa: don Allah wane kamfani ne ya gina katafariyar kasuwar nan ta City Centre da ke Deira a Dubai, kuma mene ne tarihinsa?

To Hajiya, mun gode. Sunan kamfanin Majid Al Futtaim. Majid Al Futtaim, sunan attajirin Dubai ne da ya kafa shi a 1992, ya kuma rasu a 2021, Allah Ya jiƙansa.

City Centre na Deira da kika ambata an buɗe shi a 1995. Bayan shekara goma sai kamfanin ya buɗe Mall of the Emirates, inda aka ƙera wurin wasan ƙanƙara a cikin gini. Ƙanƙara fa, Hajiya, a tsakiyar hamada, mutane sanye da rigunan sanyi alhali a waje rana na ƙuna.

Yadda kamfanin yake samun kuɗi kuwa, gini yake yi ya riƙe abinsa, ya ba da hayar shaguna. Dabarar ita ce a kafa babban kanti irin Carrefour, wanda kamfanin ke da lasisin gudanarwa a yankin. Wadda ta zo cefane sai ta ratsa ta gaban masu turare da takalma, su ma su yi ciniki, hayar kuma ta ƙara daraja.

Daga Dubai kamfanin ya bazu zuwa Oman, Bahrain, Lebanon da Masar.