Yajin Aikin Marubutan Hollywood: Abin da Ya Haɗa Shi da Wayarka

Idan kana cikin waɗanda suka jira kashi na biyar na Stranger Things, ka san yadda jiran ya yi tsawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne yajin aikin da marubutan fim da talabijin na Amurka suka shiga ranar 2 ga Mayu, 2023. Marubuta kusan 11,500 na ƙungiyar WGA suka ajiye alƙalami har tsawon kwana 148, sai ranar 27 ga Satumba suka koma bakin aiki.

Masu kallo sun ji a jikinsu. Shirye-shiryen barkwanci na dare irin na Jimmy Fallon da Stephen Colbert sun tsaya nan take. A watan Yuli 'yan wasa su ma suka bi sahu, aka ɗage bikin kyautar Emmy zuwa Janairun 2024. Wasu masu kallo suka riƙa zagin marubutan a kafafen sada zumunta, suna cewa kwaɗayi ne kawai. Amma idan ka fahimci yadda kuɗin ke tafiya, za ka ga rikicin ya taso ne daga yadda muka koma kallo a waya.

Yadda ake biya a da

A talabijin na gargajiya, shiri ɗaya yakan kai fitowa 22 a shekara, marubuci yana da aikin kusan shekara guda. Kuma duk lokacin da aka maimaita shirin ko aka sayar wa wata tasha, ana sake ba shi wani kaso. Da wannan kason yake rayuwa idan aiki ya yanke.

Abin da manhajojin kallo suka sauya

Netflix da Disney+ da Prime Video sun rage fitowar zuwa takwas ko goma, suka rage yawan marubuta da makonnin aiki. Kafin yajin aikin, kason da ake biya kuma tsayayye ne: ko duniya ce ta kalli shirin, ko ba wanda ya waiwaye shi, kuɗin marubuci ɗaya ne. Manhajar tana lissafa kowane minti da ka kalla, amma a lokacin kamfani ne kaɗai ke ganin cikakkun alƙaluman. Kwatanta da YouTube, inda mai shirya Izzar So ke ganin yawan masu kallonsa, kai ma kana gani. A lokacin marubucin Netflix bai da wannan damar, don haka ba shi da hujjar neman ƙari.

Ga kuma ƙirƙirarriyar basira. ChatGPT ta fito a Nuwamban 2022, marubuta suka ji tsoron za a sa na'ura ta rubuta labari, sannan a ɗauke su gyara kawai a farashi mai rahusa.

Abin da aka cimma

An ƙara mafi ƙarancin albashi da kashi 5 cikin ɗari a shekarar farko, sai 4, sai 3.5. Idan kashi 20 cikin ɗari na masu rajistar manhaja a Amurka suka kalli shiri cikin kwana 90 na farko, marubutansa za su sami ƙarin kuɗi. Kamfanoni za su nuna wa ƙungiyar yawan sa'o'in da aka kalla. Ba za a ɗauki ƙirƙirarriyar basira a matsayin marubuci ba, ba kuma za a tilasta wa marubuci amfani da ita ba.

Ba yau aka fara ba

Masu tuna zamanin faifan DVD sun san kashi na uku na Prison Break ya tsaya a fitowa 13, aka kuma ɗage kashi na bakwai na 24 zuwa 2009. Yajin aikin kwana 100 na 2007 zuwa 2008 ne ya jawo haka, shi ma kan kason kallo ta intanet aka yi shi.

Darasin da ke ciki shi ne, kallonka kuɗi ne, kuma inda ka yi kallon ne ke nuna aljihun da zai shiga. Shirin da ka sauke daga tashar Telegram ko aka tura maka ta Xender ba ya shiga lissafin kowa, ko na Hollywood ne ko na Kannywood. Idan shirin yana nan a tashar masu shi, ka kalle shi a can.