Darasi Don Kafintoci: Bindigar Ƙusa da Tukunyar Gas

'Yan'uwa, muna ganin bindigar ƙusa tana shiga hannun kafintocinmu, musamman masu yin kujeru da bencina da silin. Aba ce mai sauƙaƙa aiki ƙwarai. Ƙusar da guduma za ta buga sau huɗu ko biyar, ita bugu ɗaya take yi mata. Amma da iska take aiki, iskar kuwa daga kwamfuresa take fitowa, kwamfuresa kuma sai da wutar lantarki ko fetur. To, inda babu wuta, wani yakan dubi doguwar tukunyar maƙwabcinsa mai walda, ya ce ai iska iska ce. A kan wannan muke so mu yi magana.

Mu fara da ƙarfin iskar. In mun duba agogon kwamfuresa za mu ga an rubuta PSI, wato ma'aunin matsin iska. Yawancin bindigogin ƙusa an ƙera su don matsi tsakanin 70 da 120. Tukunyar oksijin ta mai walda kuwa, in ta cika, takan wuce 2,000, fiye da ninki goma sha biyar ke nan. Rigileta ce kaɗai ke tare wannan ƙarfi. Ran da ta lalace, dukansa zai bi tiyo ya shiga bindigar da ke hannun mutum, ta fashe.

Ko rigileta tana da lafiya, ba a tsira ba. Kowace safiya kafinta yakan ɗiga mai kaɗan a bakin bindigar domin kada cikinta ya bushe. Oksijin mai matsi kuwa in ya gamu da mai ko giris, yana iya kama wuta da kansa, ba ashana, ba tartsatsi. Robobin da ke ciki su ma su kama. Shi ya sa mai waldan da ya san aikinsa ba ya taɓa bakin tukunyarsa da hannu mai maiƙo. A tambaye shi, zai faɗa. Saboda haka oksijin da bindigar ƙusa ba su da mahaɗa ko kaɗan, ko don ƙusa guda.

Gas na girki da gas na kabaid ba ma sai mun daɗe a kansu ba. Duk bugun da bindiga ta yi sai ta fesar da iskar waje, kusa da fuskar mai aiki, a rumfar da ke cike da garin katako.

Saura iskar kabon, irin wadda ake sa wa lemon kwalba. Ita ba ta cin wuta, a ƙasashen waje ma ana sayar da ƙananan tukwanenta da rigileta tasu ta musamman don irin wannan aiki. Duk da haka matsinta ya wuce 800 a wuri mai sanyi, in zafi ya kai digiri 31 kuma ya haura 1,000. Mu tuna yadda rana take a Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce 40 a wurare kamar Sakkwato da Maiduguri. A cikin tukunya ruwa-ruwa take, in an kwantar da tukunyar sai ruwan ya shiga rigileta ya daskarar da ita. Ta kuma fi iska nauyi, takan taru a ƙasa cikin ɗaki rufaffe har ta sumar da mutum. Ɗan littafin da ke zuwa da yawancin bindigogin ya hana gas na tukunya kowane iri. Mu ma shawararmu ke nan.

A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina gida ya kewaye rufinsa, domin kada alhakin wanda ya faɗo ya hau kansa. Mai shago ma haka yake da yaran da iyayensu suka danƙa masa su koyi sana'a. Yaro yakan yi abin da ya ga maigidansa yana yi, yakan kuma yi shi ran da maigidan ba ya nan.

Me za mu yi in babu wuta? Kafintoci uku ko huɗu suna iya yin adashi su sayi ƙaramar kwamfuresa mai fetur, su riƙa karɓa-karɓa. A ajiye ta a waje saboda hayaƙi, a zubar da ruwan da ke taruwa a tankinta kowace yamma domin tsatsa. A sa gilashin kāre ido. In ƙusa ta maƙale, a cire tiyo tukuna kafin a sa hannu. Wanda bai sami kwamfuresa ba tukuna ya ci gaba da gudumarsa.

A taron ƙungiya mai zuwa, muna roƙo a gayyaci mai waldan garinku ya zo da rigiletarsa, ya nuna wa yara agogunan nan biyu, da lambar da kowanne ke nunawa.