Koya wa Yara Labarun Littafi Mai Tsarki da Tubalan Wasa

Abin karantawa: Joshuwa 4:1-7, Markus 2:1-12



Akwai abin da ya daɗe yana damunmu. Malami ya tsaya gaban yara ya ba da labari mai kyau, ya ce, "Kun ji?" Su amsa da babbar murya, "I, mun ji!" Ran Lahadi mai zuwa a tambaye su wane ne ya shiga jirgi, wani ya ce Musa, wani ya ce Yunana. Mukan ce yaran zamani ba su da hankali. Amma ku dubi yaran nan bayan kaka, yadda suke ƙera mota da karan dawa har da ƙafafu masu juyawa, da damina kuma su gina shanu da yumɓu. Ba wanda ya sa su haddace wannan, ba su kuwa mantawa, gama hannunsu ya yi.

Ubangiji ya san halin yaro. Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, ya umarta a ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar kogin a ajiye, domin wata rana 'ya'yansu su gani su tambayi ma'anarsu, iyaye kuwa su ba su labari. Ku lura: abin gani ne ya jawo tambaya, tambaya ta jawo Magana. Wannan shi ne dukan abin da muke so da tubalan wasa.

Waɗansunku sun san ƙananan tubalan roba masu launi iri iri da ake kira Lego, waɗanda ake danna ɗaya bisa ɗaya su kama. Daga ƙasar Danmak suka fito, wato ƙasar masu bishara da suka zauna a Numan tun 1913. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ne ya fara yin kayan wasan yara na itace a garin Billund a 1932. Sunan Lego daga kalmomi biyu ne na harshensu, ma'anarsu a yi wasa da kyau. Tubalin roba mai kama ɗan'uwansa gam, irin wanda ake gani yau, a 1958 aka yi masa rajista. Sababbi suna da tsada. Akan same su a gwanjo, amma kada ekklesiya ta ci bashi dominsu. A samo kwalin ashana, a kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi, a cika, a juye, a shanya a rana. Yara da kansu za su buga ɗari cikin yamma ɗaya. In suna kwaɓawa ma, ga zarafin gaya musu yadda Fir'auna ya hana Isra'ilawa tattaka, ya ce duk da haka kada yawan tubali ya ragu (Fitowa 5).

Bari mu ɗauki Markus 2 mu ga yadda ake yi.

Da fari malami ya buɗe Littafi ya karanta, tubala suna rufe cikin buhu tukuna. In an zuba su tun ba a karanta ba, ba sauran kunne. Bayan an karanta sau biyu, sai a raba yara biyar biyar, a ce kowace ƙungiya ta gina gidan nan na Kafarnahum. Kada malami ya nuna musu yadda za su yi. Shi dai ya zaga yana kallo yana saurare.

Mun gwada wannan a wata ekklesiya da muka yi hidima. Ƙungiya ɗaya ta yi wa gidan rufi mai tsini, kamar na ɗakin ciyawa. Da suka zo ɗora mutum huɗu da shanyayye a bisa, sai duk suka gangaro. Wani yaro ya ce, "Malam, yaya suka tsaya a kai?" A nan ne muka gaya musu gidajen ƙasar nan shimfiɗaɗɗen rufi gare su, ana jera itace a zuba ƙasa, kamar soron garuruwanmu, sau da yawa kuma da matakala ta waje. Suka rushe suka sāke. Wata yarinya ta bar ƙofa a buɗe wayam. Muka tambaye ta, "To, ga ƙofa, don me za su wahala su fasa rufi?" Ta yi shiru. Muka sāke karanta aya ta 2. Sai ta fita da gudu ta ɗebo tsakuwa cike da hannu ta zuba a cikin gidan har bakin ƙofa, ta ce ga taron. Da a ce tambayar "Kun ji?" muka yi mata, da ta amsa tare da sauran, mu kuwa ba mu san ba ta gane dalilin fasa rufin ba. Ginin yaro yana tona abin da ya fahimta da abin da ya ɓace masa.

Amma ga gargaɗi, muna roƙo ku riƙe shi da kyau. Tubali ya iya nuna rufin da aka fasa, ba ya iya nuna zunubin da aka gafarta. Cikin labarin nan Yesu ya fara gafarta wa mutumin zunubansa, kāna ya ce ya tashi, ya kuwa warkar da shi domin malaman Attaura su sani yana da ikon gafarta zunubi a duniya. Kadan yara sun koma gida da labarin rufi kaɗai, ai sun ɗauki ɓawo sun bar ƙwaya. Saboda haka in gini ya ƙare, kowa ya janye hannunsa, a zauna kewaye da shi, malami ya yi tambaya: Mene ne Yesu ya fara faɗi? Don me waɗansu suka yi gunaguni a zuci? Wane ne ke da ikon nan? Sa'an nan a yi addu'a.

Jirgin Nuhu yana da daɗin ginawa, gama an ba da awonsa: tsawo kamu 300, faɗi 50, tsayi 30, hawa uku, da ƙofa a gefe (Farawa 6). A sa tubali ɗaya a madadin kamu goma, wato 30 da 5 da 3. Yara za su yi mamaki, don sun saba ganinsa cikin zane kamar ɗan kwalekwale da raƙumin dawa yana leƙe. Garun Yariko kuwa kowa yana so, sabili da rushewar. Amma a kewaya shi yadda aka rubuta, sau ɗaya ɗaya kwana shida, sau bakwai a rana ta bakwai. Wani zai tambaya ko gidan Rahab da ke jikin garu ya faɗi. A buɗe Joshuwa 6 a ga abin da aka faɗi, cewa 'yan leƙen asiri sun shiga sun fito da ita da danginta. Inda Littafi ya tsaya malami ya tsaya, kada ya ƙara gishiri don a ji daɗi.

Wani dattijo ya taɓa ce mana, "Pasto, wannan ba yin gumaka ba ne a ɗakin Allah?" Ba mu raina maganarsa ba, gama kakanninsa sun bauta wa abin da hannu ya yi, ya san abin da yake tsoro. Muka karanta Fitowa 20:4-5 tare, muka ga abin da aka hana shi ne a yi siffa a rusuna mata a bauta mata. Duk da haka mun ɗauki shawara daga bakinsa. Ba mu yin siffar Allah da kome. Ba mu ɗaukan ɗan mutum-mutumi mu ce ga Yesu. Yara su nuna wurin da ya tsaya da yatsa, ya isa. Kowane gini kuma a rushe shi kafin a tashi, a mayar cikin buhu. In dattawanku suna shakka, ku gayyace su su zauna su gani, kada ku yi a ɓoye.

Ƙananan tubalan roba ba na yaron da bai kai shekara uku ba ne, gama yakan sa a baki ya shaƙe. 'Yan mata ma su yi gini, kada a bar su da miƙo tubali kawai. Ba kowace Lahadi ba. Sau ɗaya a wata ya isa, don akwai koyarwa da yawa da ba ta ginuwa.

Domin wata mai zuwa, malamai su karanta Nehemiya 3 da 4 da 6:15. A zana da'ira a ƙasa, a ba kowace ƙungiya sashinta na garun Urushalima ta gina har ya haɗu da na maƙwabtanta. A fara buga tubala tun mako biyu kafin ranar, domin su bushe sarai.