KAFIN ALƘALAMIN GIDA: NA WA NE IDAN CINIKI YA WATSE?



'Yan uwa, darasinmu na yau a babin mu'amala yake. Abin da ya jawo shi kuwa wata magana ce da aka kawo mini bayan sallar isha'i kwanakin baya. Na nemi izinin mai abin, ya ce in rubuta don wasu su amfana, amma kar in kama suna. To ba zan kama ba.

Matashi ne magidanci, mata ɗaya da 'ya'ya uku, suna zaune a ɗaki ɗaya cikin gidansu na gado. Da damina manomi ne, da rani kuma yana saro rake a Kwanar Dangora yana kaiwa Kano. Shekara uku yana tari: zubin adashi duk mako, tunkiya biyu da ya kiwata ya sayar da layya, da rarar masara. Da kuɗin suka kai miliyan ɗaya da rabi, dillali ya nuna masa wani gida, ɗaki biyu da zaure da rijiya. Aka yi tayi, aka yi albarka, har mai gida ya sallama a miliyan huɗu. Ya miƙa miliyan ɗaya da rabin nan a matsayin kafin alƙalami, ciko kuma "sai an yi kaka". Babu takarda. Shaida ɗaya ce, dillalin nan.

Kun dai san yadda farashin hatsi ya faɗi a 2025. Abin da ya lissafa zai samu a masara, ko rabinsa bai samu ba. Mai gida ya jira wata biyu, wani ya zo da kuɗi a hannu, ya sayar masa. Da yaron nan ya je karɓar kuɗinsa sai dattijon ya ce, "Ai kafin alƙalami ba ya dawowa." Shi ne ya zo mini yana cewa, "Allah gafarta Malam, wallahi ni ban taɓa jin haka ba. Gumin shekara uku ne fa."

Kafin mu shiga hukuncin, bari in kawar da wata shubuha, don na taɓa jin wani yana cewa wai tara kuɗi rashin tawakkali ne. Ba haka ba ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Sayyidina Umar (R.A), cewa Manzon Allah (S.A.W) yakan ware wa iyalinsa abincin shekara guda. Annabi Yusuf (A.S) kuma shi ya tsara wa Misra ajiyar hatsi na shekara bakwai. Sannan mazauni haƙƙin mace ne a kan mijinta gwargwadon halinsa, kamar ci da sutura. Duk wanda ya taɓa zaman sulhu a Kiru ko Bebeji ya san rabin rigimar faccaloli da surukai daga cunkoson gida take tasowa: murhu ɗaya, makewayi ɗaya, yara goma sha. Wanda ya ɗaura niyyar fitar da iyalinsa daga wannan, alheri ya nufa.

Sai dai abu biyu. Na farko, ba a tarin gida da cefanen iyali. Na ga wanda ya rage awo, ya hana kuɗin magani, wai yana tara na bulo. Ciyarwa wajibi ce ta yau, gidan kanka kuwa buri ne na gobe, ba a take wajibi don buri. Na biyu, zakka. Mutane da yawa suna zaton da zarar an sa wa kuɗi suna "na gida ne" to zakka ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Matuƙar kuɗin suna hannunka, sun kai nisabi, shekara ta zagayo a kansu, za ka fitar da ɗaya cikin arba'in, wato Naira 25,000 a kowace miliyan. Nisabi dinari 20 ne, kimanin giram 85 na zinare, kuma tun farkon 2025 ƙimarsa ta wuce Naira miliyan 10, don haka mafi yawan masu irin wannan tarin ba su kai ba. Akwai malaman da suke auna takardar kuɗi da azurfa, dirhami 200, kimanin giram 595, wanda ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Wanda ya bi wannan ya yi ihtiyaɗi, talaka kuma ya amfana. Amma gidan zama, ko filin da ka saya don ka gina ka shiga, babu zakka a kansu.

Yanzu ga asalin mas'alar. Abin da muke ce wa kafin alƙalami, malaman fiƙihu suna kiransa urbun. Matsalarmu ita ce kalma ɗaya muke amfani da ita a kan abubuwa uku mabambanta, kuma kowa da wanda yake nufi a zuciyarsa lokacin da ake miƙa kuɗin.

Akwai wanda ciniki ya riga ya faɗa, an sallama, ka ba da wani ɓangare na kuɗin, sauran ya zama bashi a kanka zuwa wani wa'adi. Wannan halal ne babu saɓani, da sharaɗin wa'adin ya zama sananne. Malikiyya sun yarda a sa girbi ya zama wa'adi, saboda lokacinsa sananne ne a wurin mutane, amma ni shawarata a faɗi wata a faɗi rana. "Kaka" a bakin mai masarar Doguwa daban, a bakin mai shinkafar Tudun Wada daban, mai jiran rake kuma tasa tana can gaba. A wannan sura, gida ya zama na mai saye tun ranar da aka ƙulla. Idan ya kasa cikawa, mai sayarwa yana da haƙƙin bin bashinsa, ko su warware cinikin a mayar wa kowa nasa. Ba shi da haƙƙin ya haɗa gida da kuɗi duka ya riƙe.

Akwai kuma wanda ba a ƙulla komai ba tukuna, ka ajiye wani abu ne don a san da gaske kake, a dakata da nuna wa wasu. Wannan amana ce a hannun mai gida. In ka fasa, malaman wannan zamani sun ce iyakarsa ya cire hasarar da ya yi ta haƙiƙa saboda kai, sauran ya mayar maka.

Sura ta uku ita ce wadda aka yi saɓani a kanta: a faɗa ƙarara tun farko cewa in ka cika, abin da ka bayar yana cikin kuɗin gida, in ka fasa kuwa ya zama na mai gida. Imam Malik ya kawo hadisin hani a kan wannan a cikin Muwaɗɗa, ta hanyar Amru ɗan Shu'aibu, ya kuma fassara shi da wannan surar daidai. A kan hanin Malikiyya da Hanafiyya da Shafi'iyya suke, hujjarsu ita ce cin dukiyar mutum ne ba tare da ya karɓi komai a madadinta ba. Imam Ahmad ya halatta. Ya ga hadisin bai inganta ba, ya kafa hujja da wani ciniki da aka yi a zamanin Umar (R.A), wanda shi ma, abin sha'awa, cinikin gida ne. Nafi'u ɗan Abdul Haris, gwamnan Umar a Makka, ya sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a kan dirhami 4,000 don a mayar da shi kurkuku, bisa sharaɗin in Umar ya yarda ciniki ya tabbata, in bai yarda ba Safwanu yana da 400. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas a Brunei cikin 1993, ta ɗauki halaccin, amma ta gindaya cewa dole a ƙayyade lokacin jira.

Lokacin da muke karanta wannan babin a jami'a na ɗauke shi mas'alar jarrabawa ce kawai, a haddace ƙauli biyu a wuce. Sai da na fara limanci na ga hawayen da ke cikinta.

Abin da nake so ku lura da shi: ko a wurin waɗanda suka halatta, sai an yi sharaɗin a baki ko a rubuce, ɓangarorin biyu sun ji sun yarda. Ba abu ne da mai gida zai ɓoye a ransa sai ciniki ya watse ya fito da shi ba. In ya ce al'ada ce, to al'adar da ake hukunci da ita ita ce wadda kowa ya sani, kuma da kowa ya san wannan da yaron nan bai zo wurina yana rantsuwa ba. Ku kuma duba adadin: 400 cikin 4,000, ɗaya bisa goma ke nan. Ina wannan, ina miliyan ɗaya da rabi cikin huɗu? Ni abin da na natsu da shi, musamman a cinikin gida tsakanin talakawa, shi ne mazhabarmu: a mayar. Kotunan shari'a na Kano ma a kan fiƙihun Malikiyya suke tafiya. Sai dai ku sani nawa bayani ne da nasiha, yanke hukunci na alƙali ne bayan ya ji kowane ɓangare.

Kar kuma a ce na ɗora wa masu sayarwa laifi duka. Mai gida ma yana da kuka. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki Naira, dalar da gwamnati take sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Buhun siminti da ake saye wajen 5,000 ya wuce 10,000 a farkon shekarar. Mutumin da ya sayar da gidansa don ya gina wani, ka riƙe masa ciko wata shida, ka cuce shi ko ba ka yi niyya ba. Jinkirin mai hali zalunci ne, wannan ya tabbata a hadisi. Wanda kuma ba shi da halin, kuskurensa tun farko ne: ya shiga cinikin da cikonsa ya rataya a kan farashin da ba shi yake sa shi ba. Na faɗa wa yaron nan haka a gabansa, bai ji daɗi ba, amma ya yarda.

Shi ya sa nake ba masu tari shawarar da iyayenmu suka bi ba tare da sun karanta ta a littafi ba. In kuɗinka ba su kai rabin gida ba, kar ka kama gida. Kama fili, ka biya duka, ka karɓi takarda. Bana ka buga bulo, baɗi ka sa harsashi, wata shekarar kwano. Kuɗin da ya zama bulo hauhawar farashi ba ta cinsa, ɗan uwa ba ya zuwa rance, kai ma ba ka zara ranar suna. Wanda ya tara takarda a asusu ko ƙarƙashin katifa ya ga abin da canjin kuɗi ya yi a farkon 2023. In ajiyar banki ce, akwai waɗanda ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. Adashi kuma mafi yawan malamanmu sun halatta shi matuƙar abin da ka zuba shi za ka kwasa, illa dai a san uwar adashi, a kuma rubuta zubi.

In kuwa gidan za ka kama, dan Allah ka fara tambayar na wa ne. Gidaje da yawa a garuruwanmu na gado ne da ba a raba ba. Babban wa ya karɓi kafin alƙalami ya kashe, sai ƙanwarsa da ke aure a Riruwai ko Tiga ta ji labari ta ce ba da yawunta ba. Kuma gaskiyarta, ba a sayar da rabon mutum sai da izininsa. Fiƙihunmu ya ba da mafita mai kyau a nan, wato ciniki da zaɓi, kuma Malikiyya sun ce a gida zaɓin yakan kai kimanin wata guda. A cikin watan nan ka je wurin mai unguwa da dagaci, ka ji bakin maƙwabta, ka ga magada ɗaya bayan ɗaya, mata kafin maza. Kuɗin kuma kar a shar'anta miƙa su ga mai gida a kwanakin zaɓi, a ajiye su hannun amintacce.

Sai rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma mu kunya ta hana mu. "Haba, ni da Baba wane har sai an yi takarda?" Ƙwarai kuwa, saboda Baba wane yana iya rasuwa, 'ya'yansa kuma ba su san maganar ba. Warƙa ɗaya ta isa: iyakokin gida, kuɗinsa, abin da aka bayar, ranar ciko, me zai faru in an saɓa, da wanda zai biya la'ada. Shaidu biyu adalai, kuma kar dillali ya zama cikinsu, don yana da rabo a cikin cinikin.

Washegari bayan la'asar na je wurin dattijon tare da mai unguwa. Mutumin kirki ne, sa'an mahaifina. Na ce, "Baba, ranar da aka ba ku kuɗin nan, kun faɗa masa cewa in bai cika ba sun zama naku?" Ya yi shiru, ya ce bai faɗa ba, shi dai haka ya taso ya ji ana yi. Na karanta masa abin da na rubuta muku a sama, na ƙara masa da cewa tunda ya riga ya sallama, sayarwa ta biyun ma sai da yardar yaron take tsayawa. Na tuna masa falalar da ta zo a hadisin Abu Dawud ga wanda ya yarda ya warware wa Musulmi cinikin da ya yi nadama a kansa. Ya ce, "Liman, kuɗin na riga na sa su a gini." Aka tsaya a kan yaron ya haƙura da gidan, dattijon ya cire la'adar da ya ba dillali, sauran ya biya kashi biyu.

Wannan karon an rubuta, ni da mai unguwa muka sa hannu. An ba da kashi na farko, yaron ya kama fili a bayan gari, ƙarami ne amma ya biya duka. Kashi na biyu wa'adinsa Juma'ar ƙarshen watan nan.

Wallahu a'alam.