Ladabi da Gasa a Neman Aikin Mataimakin Alƙali a Kotunan Tarayyar Amurka

1.0 Gabatarwa

A Amurka, ɗalibin da ya kammala karatun lauya yakan nemi ya yi shekara ɗaya ko biyu a ofishin wani alƙali, yana yi masa bincike, yana nazarin takardun ƙara, wani lokaci har ya tsara daftarin hukunci. Aikin ya bambanta da na akawun kotu. Mafi kusa da shi a tsarin shari'ar ƙasar Hausa shi ne muhuti. Alƙali Horace Gray ne ya fara ɗaukar irin wannan mataimaki a jihar Massachusetts a 1875, ya kuma tafi da al'adar Kotun Ƙoli a 1882. Wannan maƙala ta dubi yadda gasar neman aikin ta haifar da wasu ladubba, da kuma wanda nauyinsu ya fi hawa kansa.

2.0 Tushen Gasar

Amurka na da kotunan gunduma na tarayya 94, da kotunan ɗaukaka ƙara 13, sai Kotun Ƙoli mai alƙalai tara, kowannensu da mataimaka huɗu bisa al'ada. Shida daga cikin taran nan su ma sun yi wannan aiki a kotun suna matasa: John Roberts a wurin William Rehnquist, Elena Kagan a wurin Thurgood Marshall, da sauransu. Galibin masu shiga can sai sun bi ta hannun wasu 'yan ƙalilan daga alƙalan ɗaukaka ƙara da ake ɗauka a matsayin tsani.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne su ma alƙalan gasa suke yi. Kowa na son ya riga ɗan'uwansa kama ɗalibi mai hazaƙa, sai lokacin ɗauka ya riƙa matsowa, har aka kai ana yi wa ɗalibi tayi bisa sakamakon shekararsa ta farko kawai, alhali karatun shekara uku ne. Christopher Avery da Christine Jolls da Richard Posner da Alvin Roth sun nazarci wannan kasuwa a 2001. Roth, wanda ya sami lambar Nobel a 2012, ya riga ya ga irin wannan riga-malam-masallaci a wajen ɗaukar sababbin likitoci.

An yi ƙoƙarin sa linzami. Tsarin 2003 ya nemi a dakata sai farkon shekarar ɗalibi ta uku, a 2005 kuma aka buɗe shafin OSCAR don miƙa takardu ta intanet. Da yake bin tsarin ganin dama ne, alƙalan da suka bi shi suka riƙa tarar da an kwashe na gaba-gaba, zuwa 2014 aka yi watsi da shi. Wanda aka fito da shi a 2018 ya mayar da lokacin watan Yuni bayan shekara ta biyu, ya kuma nemi a ba ɗalibi aƙalla sa'a 48 ya yi shawara.

3.0 Ladubban Mai Nema

Waccan sa'a 48 martani ce ga tayin nan na sha-yanzu-magani-yanzu, inda alƙali ke neman amsa kafin ɗalibi ya bar ofishinsa. Ƙarfin irin wannan tayi ya dogara ne a kan wata al'ada da ba a rubuta ba: ba a cewa alƙali a'a. Makarantun lauya sun daɗe suna horon ɗalibansu da kada su nemi aiki wurin alƙalin da ba za su amsa tayinsa ba. Wanda ya amsa kuma, ya janye sauran takardunsa nan take, ya sanar da malaman da suka rubuta masa shaida. Amsawa sannan a janye don an sami wanda ya fi shi ne babban abin kunya, domin malamin da ya ɗaga waya ya tsaya masa ya sa mutuncinsa jingina, kuma alƙalin na iya juya wa ɗaliban makarantar baya a shekara mai zuwa.

Akwai hikima a cikin wannan. Ofishin alƙali ɗan ƙarami ne, aikinsa na sirri, ba ya tafiya sai da amana. Sai dai ma'aunin ya karkata. Ɗalibin da ya saɓa al'ada yana iya rasa shaidar malamansa, alƙalin da ya yi gaban kansa kuwa babu mai hukunta shi, tunda naɗinsa na tsawon rai ne. Hatta jerin ranakun ganawa ya zama dabara: wanda aka fara gani na iya rufe ƙofar sauran, don haka mai nema kan roƙi alƙalin da ya fi so ya gan shi da wuri, cikin lafazin da ba zai nuna ya fifita wani a kan wani ba. Ɗalibin babbar makaranta yana da malamin da zai koya masa wannan lafazi, ya kuma buga waya a madadinsa. Na ƙaramar makaranta, wanda sau da yawa shi zai biya wa kansa kuɗin jirgi zuwa ganawar, yakan amsa tayin farko da ya zo masa.