Yadda Muka Yi Wa Fulawarmu Aski

'Yan'uwa ɗalibai, kun ga jar fulawar da ke gaban ajinmu? Sunanta habiskus, dangin yakuwa da rama ce. Bara ta yi tsawo amma ba ta yin fure sosai, har aka ce za a sare ta. Malaminmu na aikin gona ya ce aski take buƙata, domin a sabon reshe take fure.

Ga abin da muka koya:

1. A yi askin da farkon damina.
2. A samu almakashi mai kaifi. Adda tana tsaga reshe.
3. A fara da cire busassun rassa.
4. A yanka a karkace, sama kaɗan da inda ganye ya fito.
5. Kada a rage fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Da muka gama, muka zuba mata busasshen takin awaki. Yanzu ku zo ku ga fure! Don Allah a daina tsinka, a kuma riƙa rufe ƙofar makaranta saboda awaki.